Wane, wani bawan Allah, ko sunan aro: wanne za ka sa in kana son ɓoye mutum a rubutu?

Jama'a akwai abin da ke yawan faruwa a Facebook da gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp nan Gusau da kewaye, mutum zai kawo labarin wani, shi a ran shi ai ya rufa asiri tunda bai kama suna ba, amma kafin ka kai ƙarshen rubutun ka riga ka san ko wane ne, kai har ƙofar gidan su ka gane. To shi ya sa na ce bari mu ɗan auna hanyoyin da muke bi in za mu sakaya suna, don ba ɗaya suke ba, kowace da inda take aiki da inda take kwashe ma mutum ƙafa. Akwai wane da wance, akwai wani bawan Allah da wata baiwar Allah, akwai sunan aro irin na 'yan jarida, akwai masu sa harafin farko, sai kuma masu cewa "wani mazaunin garin kaza".

Mu dama tun tasowa mun saba da rashin kama suna. Mace ba ta faɗin sunan miji sai Malam ko Alhaji ko maigidan, uwa ba ta kiran ɗan fari, yaron da anka sa ma sunan kaka ya koma Abba ko Baba ko mai sunan Malam. Amma wanga duk alkunya ce, kowa ya san da wa ake, girmamawa ce kawai. Ɓoye mutum don kada a gane shi wani aiki ne daban, kuma ina ganin nan ne muke ruɗewa, muna ɗauko dabarar alkunya mu kai ta inda ake buƙatar sirri na gaske.

Wane da wance su ne tsoho. Inda sunka fi kyau shi ne misali, wato inda babu wani takamaiman mutum a bayan maganar. Kana koya ma yaro yadda ake rubuta takardar cinikin gona, ka ce ni wane ɗan wane na sayar ma wane gonata da ke wuri kaza a kan kuɗi kaza, a gaban shaidu wane da wane. Tsaf, babu wanda ya ji ciwo. Larabawa fulan suke cewa, har cikin Alƙur'ani ya zo a Suratul Furƙan aya ta 28, inda azzalumi ke nadama ranar ƙiyama shina cewa ina ma bai riƙi wane aboki ba. Wanda ya zauna zaure ya yi nahawu kuma ya san Zaidu da Amru, shekaru ɗaruruwa Zaidu na bugun Amru a cikin misali kuma har yau ba a kai ƙara ba. To irin wanga aiki wane ya iya.

Amma ka ɗauko shi ka sa a labarin gaske mai mutum uku ko huɗu ka ga rikici, wane ya ce ma wane ya je ya gaya ma wane, mai karatu ya rasa wa ya ci bashin wa ya hana. Sannan akwai warin habaici a jikin shi, musamman wance. In mace ta rubuta "su wance an samu wuri" ba ɓoyewa take ba, jifa ce, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Don haka matar da anka kashe ma miji ko anka ɗauke ma ɗiya, kada ka kira ta wance ko da niyyarka mai kyau ce, kunnen Bahaushe raini zai ji.

Wani bawan Allah da wata baiwar Allah sun fi taushi nesa ba kusa ba. Akwai tausayi a ciki, akwai mutuntawa, kuma ba su nuna shekaru ko ƙabila ko arziki, jinsi kawai suke faɗi. In wani ya biya ma marasa lafiya kuɗin magani bai son a sani, wani bawan Allah ne. In mace ta aiko tambaya a kan zaman aurenta a kai ma malam a rediyo ko wurin karatu, wata baiwar Allah ce, shi ke nan an gama. Wanga ma shina da asali a addini, don Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai gyara wani kuskure a bainar jama'a yakan ce mi ya sami wasu mutane suna yin kaza da kaza, bai kama suna. Malamai sun halatta kama suna wurin neman fatawa, suna kafa hujja da Hindu 'yar Utba da ta kai kukan mijinta Abu Sufyan a kan ciyarwa, amma duk da haka sun ce abin da ya fi shi ne ka ce mi za ka ce a kan mutumin da ya yi kaza, in dai hakan zai biya buƙata.

Matsalar bawan Allah biyu ce a ganina. Ta farko ba shi da nauyi wurin labari. "Wani bawan Allah ya ce an tare hanyar Funtuwa", to wane ne shi, direba ne da ya juyo ko shi ma a gurup ya gani? Rabin jita-jitar da ke hana mutane barci da bakin wani bawan Allah take fitowa, kuma masu damfarar neman taimako su ma rigar da suke sawa ke nan, baiwar Allah tana kwance asibiti a tura ta wagga lamba, babu sunan asibiti babu wanda za a kira a tabbatar. Ta biyu, in mai laifi kake magana a kai sai ka ga kamar ka wanke shi, mutum ya cuci marayu ka ce wani bawan Allah, e bawan Allah ne kam duk mu bayi ne, amma "wani mutum" ya wadatar a nan.

Kafin in wuce, a bambance wanda kake ɓoyewa da wanda kai kanka ba ka san ko wane ne ba. Turawa suna da John Doe da Jane Doe, asalin John Doe sunan bogi ne da lauyoyin Ingila ke sawa a da a shari'ar filaye, daga baya Amurka ta ɗauka tana kiran gawar da ba a gane ba ko mai ƙarar da bai son a san shi, shahararriyar shari'ar nan ta zubar da ciki ta 1973 ma da sunan Jane Roe anka shigar da ita. Su suna ɗaya ke yi masu aiki biyu. Mu kam in cigiya ce, an tsinci dattijo a tasha bai iya faɗin garin su, ko an yi hatsari a hanyar Sakkwato an kai mutum asibiti babu waya babu kati, to bawan Allah za ka ce amma sai ka juye duk abin da ka gani, kalar riga, tsagar fuska, kimanin shekaru, irin Hausar da ke bakin shi, inda anka same shi da inda yake yanzu. Nan so kake a gane shi. Abin da kawai zan roƙa, hoton gawa ba na watsawa ba ne, a ce mai cigiya ya je ya duba.

Sai sunan aro, irin wanda kake ji a rahoton 'yan jarida, Hauwa, ba sunanta na gaskiya ba. In labarin mai tsawo ne kuma akwai mutane da yawa a ciki, babu kamar shi, don mai karatu yana riƙe suna, yana jin mutum ne mai rai ba inuwa ba, kuma ba ya rikicewa tsakanin uwar miji da kishiya. Ni shi nake zaɓa ma duk labarin da ya wuce sakin layi uku. Amma da sharuɗɗa. Dole ka faɗa tun farko cewa sunan na aro ne, in ba haka ba ƙarya ka yi ma mutane. Kuma kada ka ari sunan da ke maƙwabtaka da na gaskiya, Hassana ta koma Husaina, Sani ya koma Salisu, wanga ai ko yaro ya warware. Kada kuma sunan ya canja ma mutum ƙabila ko addini, wanga babba ne a wurinmu, ka ɗauki mai laifi ka laƙa mashi sunan da kowa ya ji zai ce Bafillace ne alhali ba shi ba ne, ko a ƙasar Zuru inda gida ɗaya za ka samu Musulmi da Kirista ka ba mutum sunan da zai juya labarin ya koma na addini, ka ga ka ɓoye mutum ɗaya ka kunna ma jama'a wuta.

Babban haɗarin sunan aro shi ne ya faɗa kan mai sunan gaske. Sunayenmu ba su da yawa fa. Ka ce "Malam Garba, ba sunan shi na gaskiya ba, daga ƙauye kaza", mutane ba su karanta rabin ƙarshen, Garba kawai za su riƙe, kuma ƙauyen akwai Garba ko biyar, ɗaya daga ciki zai kwana da abin da bai ji ba bai gani ba. Wasu na ganin sunan rana ya fi tsira, Ladi, Talatu, Asabe, Ɗanjuma, to a birni wataƙila, amma a ƙauye su ne ma sunayen da ake kiran mutane da su kullum. Maganin abin shi ne in ka ari suna to ka faɗaɗa wuri, maimakon ƙauyen ka ce ƙaramar hukumar Maru ko Anka ko Zurmi, ko ma ka ce yammacin Zamfara.

Harafin farko kam ban ga ranar shi ba wallahi. Honarabul A.B., Malam S.M. na Tudun Wada, Hajiya Z mai kayan mata. Wanga ba sakayawa ba ce, kacici-kacici ne ka ba mutane, kuma za su zauna a kwament su warware shi kafin la'asar, kan hanya kuma su ambaci mutum goma da ba ruwan su. Wani zai ce ai kotu ma tana sa haruffa. Gaskiya ne, dokar shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015 sashe na 232 ta yarda a sakaya shaida ko wanda anka zalunta da haruffa a irin shari'ar ta'addanci da fyaɗe, shi ya sa za ka ji a Babbar Kotun Tarayya Abuja ana cewa shaida AAA ko BBB shina magana bayan labule. Amma lura, waɗannan haruffa ba su da alaƙa da sunan mutumin ko kaɗan, jeri ne kawai. Naka kuwa daga sunan ka gutsuro.

Kuma kada ka zaci harafi zai cece ka in magana ta kai gaban alƙali. A shari'ar ɓata suna ba sai ka kama suna ba, in dai waɗanda sunka san mutumin za su gane shi ne to an gama. Ga dokar laifukan intanet ta 2015 da anka yi ma gyara a 2024, wadda an sha kama mutane da sashenta na 24 a kan rubutun Facebook. Ga kuma namu na gida, tun Janairun 2000 ake aiki da shari'ar Musulunci a Zamfara, ƙazafi bulala 80 ne kamar yadda ya zo a Suratun Nur, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ko da gugar zana ka yi, in an fahimci zina kake jifar mutum da ita, haddi na iya hawa kanka. Masu "wata matar aure H a unguwa kaza" sai a kiyaye.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe, wato "wani mazaunin yankin da ya nemi a sakaya sunan shi". Ita ce hanyar da ta fi ba labari ƙarfi, don mai karatu ya san wanda ke maganar ganau ne, kuma ita ce ta fi kashe mutane in an yi sakaci, ba wai a baki ba, kisa na gaske. Kowa a jihar nan ya san zancen infoma, masu kai ma 'yan bindigar daji bayani. Abin da ka rubuta a Gusau da hantsi, kafin azahar an karanta ma wani shi a daji. To ka ce wani mai cajin waya a ƙauye kaza ya shaida mana, ƙauyen mai caji nawa ne? Ka ce wani ma'aikacin lafiya, alhali mutum ɗaya ne ke buɗe ɗakin shan magani a garin. Ka ce wani mai riƙe da sarauta, ko limamin garin, ko wanda ya kai kuɗin fansa, ko wanda ya kuɓuto daren Talata, duk waɗannan suna ne cikakke, har sun fi sunan yanka nuna mutum, don Garba biyar ne amma wanda ya kai kuɗin fansa ɗaya ne. Ko lokacin da anka rufe sabis a jihar cikin Satumbar 2021 mutane na tafiya har Funtuwa don su buga waya, kowa a gari ya san wa ya fita, kuma har yanzu akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko bishiya ake samun sabis, wanda ke hawa sananne ne. Kai ka ce "ta wayar tarho ya shaida mana", ka riga ka rage mutanen garin sun koma ƙalilan.

Ma'aunin da nake bi shi ne abu uku, garin mutum, sana'ar shi, da abin da ya same shi. In ukun sunka haɗu a rubutu ɗaya to ka faɗi suna ko ba ka faɗa ba. Abin da ya faru shi ne labarin, ba ya ciruwa, don haka cikin gari da sana'a dole ɗaya ya tafi, in wurin da zafi duka biyun. Wani manomi a ƙaramar hukumar Shinkafi, wanga dubbai ne, ya ɓace cikin su. Adadi ma na tona asiri, ka ce an kashe mashi shanu kaza da ɗiya biyu, mutanen yankin sun san gidan. Ka ce an yi mashi asarar dabbobi da iyali ya isa.

Sannan duk wagga wahala banza ce in ka haɗa da murya ko hoto. Ka rubuta wani bawan Allah sannan ka tura saƙon muryar shi a gurup, ai muryar mutum ta fi katin zaɓe. Ka ɗauki hoton hira ka watsa, ka goge suna ka bar ɗan hoton shi na sama ko rabin lamba. Ka rufe fuska ka bar hijabin da kowa ya san ta da shi da ƙofar gidan a baya. In dole sai an ji daga bakin shi, kai ka rubuta abin da ya ce da hannunka, har salon maganar ka ɗan daidaita, don akwai mutanen da kalma ɗaya ke tona su.

Yara da matan da anka yi ma fyaɗe ko anka sace, nan babu dogon lissafi, baiwar Allah ko sunan aro, da ƙaramar hukuma kawai, babu makaranta babu aji babu sunan uba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana a wallafa abin da zai sa a gane yaron da ke gaban shari'a, to balle wanda shi anka zalunta. Ku tuna 'yan matan Jangebe 279 da anka sako farkon Maris 2021, da ɗaliban Birnin Yawuri da anka ɗauka watan Yuni na shekarar, lokacin kowa ɗoki yake ya sa hoto ya sa suna don murna ko don neman a taimaka, amma intanet ba ta mantuwa, yarinyar da ke aji biyu lokacin yanzu ta isa aure, kuma mun san halin mutanenmu da bincike in an zo neman aure.

Akwai kuma inda sakayawar kanta zalunci ce. Ka rubuta wani sanata daga Zamfara ya yi kaza, sanatocin uku ne duka duka, 'yan majalisar wakilai 7, na jiha 24, ka ga ka shafa ma sauran kashin kaji kai kuma ka samu mafaka. In aikin ofis ne ya shafi dukiyar jama'a kuma kana da takarda a hannu, kama suna ka tsaya a kan maganarka. In ba ka da hujja to bawan Allah da harafi duk ba su halatta maka ba. Haka ɗan damfarar da ke ci gaba da karɓar kuɗin mutane, ka ce "wani mutum a kasuwa a yi hattara" ba ka tsare kowa ba, sai dai ka sa an tsargi duk layin, gara ka kai ma hukuma da shugabannin kasuwa da cikakken suna.

In mai labarin na kusa kuma akwai hali, karanta mashi abin da ka rubuta kafin ka saki, ka tambaye shi in mutanen garinku sunka ga wanga za su gane ka? Shi ya san abin da ke nuna shi, kai baƙo ne, wataƙila "mai jan babur" da ka ɗauka ba komi ba shi ne laƙabin shi a garin. Kuma in ya ce a bari, a bari, ko da labarin zai kawo maka mabiya dubu. Bayan ka saki sai ka zauna kan kwament, don nan ake ƙarasa ɓarnar, wani zai zo ya ce ai na gane ta, ba ɗiyar gidan wane ba ce? Goge shi nan take, kada ka ce e kada ka ce a'a, don ko a'a ɗin ka ce ka rage mashi mutum ɗaya cikin lissafi, zai dawo da suna na biyu.